Hannun Surukina

An ce rana ba ta ƙona baƙar fata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa yin askin tal-kwabo ya shiga kwalekwale a tafkin Rusairis cikin watan Maris ba. Wanzami ya aske ni da hantsi, masunta 'yan uwanmu Hausawa suka ce in raka su duba koma, iska ta ɗauke hulata tun kafin mu yi nisa. Tun da aka ƙara wa madatsar tafkin tsawo a 2013 ruwan ya ƙara faɗi, ko inuwar tsuntsu babu. Rana na duka ta sama, ruwa na maido da ita ta ƙasa, har la'asar.

Muguntar abin, ba a ji nan take. Fatarmu kuma ba ta nuna ja sosai, ballantana wani ya yi maka gargaɗi. Sai da dare kan ya ɗau zafi, fatar ta ɗame, matashi ya gagare ni.

Washegari akwai walima gidan surukaina a Damazin. Na ɗora sabuwar hula a hankali, na durƙusa gaban Baba.

"Matso, ɗana, in sa maka albarka."

Da kansa ya cire hular. Tafin hannun nan, jama'a! Hannun da ya tsufa yana yankan riɗi da dawa, kaushinsa kamar dutsen goge faso. Da ɗorawa kawai ya yi, da na daure. Shafawa ya yi. Daga goshi zuwa ƙeya, ya dawo, yana jan addu'a a nitse, duk inda aka ce amin sai ya ɗan danna. Na cije leɓe. Na damƙe tabarma. Da ya zo kan roƙon zuriya ɗayyiba ya kawo ɗaya hannun, ni kuwa, magidanci, gaban surukai da dattawan unguwa, na ƙwalla: "Wayyo Inna!"

Wasu suka ce amin.

Mai rakshar da ya kwaso ni daga walimar shi ne babban likita. "Ya hajj, man goge baki za ka lafta. In bai yi ba, man birki. Wani a Sinnar da shi ya warke, gashi ma ya fito masa." Ya ƙara da cewa in koma rana gobe, wai zafi da zafi ake kashe shi.

Mai kantin magani ta hana ni duka. Ta ce tsumma mai ruwan sanyi, man alobera, shan ruwa da yawa, in ƙuraje sun ɗuri ruwa kada in fasa, in zazzaɓi ko jiri ya zo in tafi asibiti. Nan gaba kuma malafa, da man kariya mai lamba 30, tsakanin ƙarfe goma da huɗu.

Da yamma Baba ya aiko yaro: ya ji kaina ba lafiya, in zo ya yi mini tofi ya shafa.