Ashe Samanja Mai Haƙuri Ne

Majalisarmu ta Wurno ta samu sabuwar sana'a. Bayan isha'i, in an gama jajanta wa juna faɗuwar kuɗin albasa, sai wani ya zaro waya ya buɗo YouTube, dattawa shida su haɗa kai a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba, wai za a kalli Samanja Mazan Fama.

Kafin a danna sai an sha huɗuba: "Wasannin da su ne masu tarbiyya!" Mai huɗubar kuwa na san shi farin sani. Tare muke sulalewa daga makarantar dare, mu jingine alluna a zauren mutane, mu je mu yi cincirindo a tagar gida ɗaya tilo mai talabijin a unguwa. Ranar da NTA Sakkwato ke sa Idon Matambayi kuwa, malam da fitilarsa kaɗai ke karatu. Tarbiyyar dai da safe muke karɓarta, da dorina.

Abin da ya tsorata ni shi ne sauya sheƙar da na yi ban sani ba. A da, in Samanja ya zare ido yana surfa wa kurata masifa da Hausar bariki gauraye da buroka, muna bayan kurata. A ganinmu jarababben tsoho ne kawai. Yanzu da nake da samari uku masu barci har hantsi ya dubi ludayi, sai na ga ashe bawan Allah haƙuri gare shi. Har kama kaina na yi ina gyaɗa kai ina cewa, "Ƙara masa!"

Dariyar ma ta yi ƙaranci, don rabin hirar ta'aziyya ce. Fuska na fitowa sai "Allah ya jiƙan wane." Usman Baba Pategi, wato Samanja kansa, ya rasu a Nuwamban 2023, Ƙasimu Yero tun 2017. Wani malamin firamare ɗan Rabah shi ke riƙe mana rajistar, kuma ya taɓa binne wani ɗan wasa da ke nan da ransa. Sauran rabin lissafi ne. Da an ambaci naira a wasan, sai baƙonmu na Goronyo ya tsayar da bidiyo ya faɗi buhun shinkafa nawa take saye lokacin da ake ginin madatsar ruwan garinsu. Kowane mako buhunan ƙaruwa suke yi.

Jiya na kira autana in nuna masa wasa na gaske, ba Daɗin Kowa da Labarina da suke kwana a kai ba. Ya kalla minti biyu, ya miƙo mini wayar.

"Baba, wanga ai kai na. Haka kaka yi muna kullum da sahe."

Na zare ido zan daka masa tsawa, sai uwarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "A yi haƙuri, Samanja."

Da asuba na iske sunan ya riga ni zuwa masallaci.