Ciwon "Mu Haɗu a Littafi na Biyu": Bayani Domin Amfanin Jama'a

Akwai wani ciwo da ke kama magidanta masu son karatun Hausa tsakanin Maraɗi da Dakoro, wanda har yau babu likitan da ya ba shi suna. Ya kamata mutanen Sabon Maci su san da shi, domin garin yana bakin hanya, kuma a mota ciwon ke zuwa, cikin buhun ɗan kasuwar da ya saro kaya a Kano, tsakanin batir da silifa.

Yadda ake kamuwa

Mutum lafiyayye, mai mata da ƴaƴa, ya hangi littafin yaƙi a shimfiɗe. A bango an zana jarumi ƙirji waje, bayansa aljani mai kai bakwai. Mai kaya ya rantse masa cewa wannan na manya ne, ba tatsuniyar yara ba. Ya taɓa kuɗin cefane ya biya. An riga an kai gero rumbu, aiki ya yi sauƙi, sai ya nemi inuwa ya buɗe. Irin na zamani ma ba ya buƙatar takarda: a salula ake turo shi, wani yana karantawa, kai kana saurare har caji ya ƙare.

Alamomi

Ta farko ita ce lissafi. Jarumi ya kashe dakaru dubu arba'in kafin hantsi, ko tuntuɓe bai yi ba. Sarki ya fusata ya aiko dubu tamanin, su ma aka yi da su kafin azahar. Nan mai karatu ke ajiye littafi ya shiga tunani. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a ƙasar Dakoro, ya ga sa yana jan igiya har ya yi nisa kafin guga ɗaya ya fito, dole ya tambaya: a ina dawakin rundunar nan suka sha ruwa, kuma wa ya daka musu fura?

Ta biyu ita ce hamma. An kwashe shafi uku ana siffanta gimbiya, daga gira har farce, ita kuwa ba ta ce uffan ba. An sace ta, an ƙwato ta, an sake sace ta. Boka ya duba madubin tsafi ya ga komai, sai dai bai taɓa amfana da abin da ya gani ba. Abin da ya raba littafin da tatsuniyar kaka shi ne yawan kawunan da ke faɗuwa, da kuma rashin Gizo, wanda da yana nan da an yi dariya.

Ta uku ita ce mafi tsanani. Jarumi ya ɗaga takobi zai sare boka, mai karatu ya gyara zama, ya juya shafi, sai ya tarar marubuci yana gaishe shi, yana cewa a haɗu a littafi na biyu. Majiyyaci kan juya bango ya duba ko an yage wani shafi. Ba a yage komai ba.

Da dare sai a gan shi a fada, shayi na sanyi a hannunsa.

"Kawu, lafiya ka yi shiru?"

"Bari kai dai, ɗana. Mutumin nan ya ɗaga takobi tun bara, har yau bai sauke ba."

"To a yi haƙuri, Kawu. Hannunsa ne zai gaji, ba naka ba."

Musabbabi

Ciwon ba gadon gidan adabin Hausa ba ne. A gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka da aljanu a ciki, kuma kowanne ɗan siriri ne mai ƙarewa inda ya ƙare. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja yana jin tsoro, yana sharara ƙarya, Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana yi masa mugunta yana ramawa. Mutumin da za a iya kayarwa shi ake bi da zuciya ɗaya. Wanda ƙarfe ba ya cinsa kuwa, karanta yaƙinsa tamkar kallon kokawa ne da ɗan kokawa guda a fili.

Jan rai ma yana da asali mai daraja. Akun Magana Jari Ce, littafin da ya fara fitowa a 1937, yana tsare Yarima Musa da labari ne don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Matar Dare Dubu da Ɗaya kuwa wuyanta take karewa. Marubucin zamani shi ma yana da uzuri: tun bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun 1980, yawanci da kuɗin aljihunsa yake buga littafi, cinikin na ɗaya ne ke haifar na biyu. Idan boka ya mutu da wuri, jari ya mutu tare da shi. Saboda haka lafiyar boka ta fi ta kowa muhimmanci a littafin.

Riga-kafi da magani

Kafin a biya, a buɗe shafin ƙarshe. In an ga hamdala, a saya. In an ga takobi a sama, a tambayi mai kaya littafi nawa ne duka. In ya ce bai sani ba, ya faɗi gaskiya, a yi masa godiya a wuce. Ƴan fada ɗaya za su iya yin karo-karo su sayi guda, don a raba takaicin daidai wa daida.

Wanda ya riga ya kamu, a jiƙa masa Ruwan Bagaja safe da yamma, da ido ake sha. Kada a amince da rantsuwarsa cewa ya daina, domin da an ce na biyu ya iso za a gan shi a tasha. Iyali kuma su guji yi masa alkawarin cewa labarin zai ƙare lafiya. Ba a yi wa mara lafiya alkawarin abin da shi kansa marubucin bai yanke shawara a kai ba.