Ɗabi'un Masu Tara Zanen 'Yan Rawa

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa shiga Drouot, gidan gwanjon nan na birnin Faris da aka buɗe tun 1852, a ranar da aka fito da tsofaffin zane-zanen 'yan rawa, zai tarar cewa mutanen da ke zaune kan kujeru sun fi takardun da ke rataye a bango cancantar kallo, domin kowannensu da irin larurar da ta kawo shi.

Shugabansu shi ne malamin isnadi. Wannan bawan Allah, in ka miƙa masa zane, kafin ka ce kwabo ya kife shi yana binciken bayansa, yana neman lamba da hatimi da rubutun dillalan da suka shuɗe, har sai ya ƙulla silsilar waɗanda suka mallake shi tun daga mai sayarwa na yau zuwa ɗakin aikin mai zane Edgar Degas. Da Degas ya rasu a 1917, magada suka yi gwanjon abin da ya bari a 1918 da 1919, aka buga wa takardun wani jan hatimi mai siffar sa hannunsa, to, ganin hatimin nan kaɗai ke sa malamin ya yanke hukunci cewa zane ingantacce ne; in an sami giɓin shekara goma a silsila ya ce mai rauni, in kuwa ba a sami komai ba ya ce ƙagagge, ya karkaɗe hannu. Adalci dai shi ne kada mu ga baikensa ƙwarai, gama Auguste Rodin ya zana 'yan rawan Kambodiya a takardu kimanin 150 a 1906, bayan ya bi su har Marseille, amma wani Ernest Durig, mai da'awar almajirinsa ne, ya yi ta zuba jabun zane da sunansa har gidajen tarihi na Amurka suka ruɗu. Illa iyaka, in ka tambayi malamin ko yarinyar da ke cikin zanen rawa take yi ko takalmi take ɗaurawa, sai ya ce ka dakata ya juyo takardar ya duba.

Kishiyarsa shi ne ma'abocin tsintuwa, wanda ke sammako zuwa kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen da tocila a hannu, yana da yaƙinin cewa duk wata 'yar rawa da aka zana da gawayi, muddin takardar ta yi ja ta cinye a gefe, ta Degas ce. Hujjarsa ba ta wuce ɗaya: mutumin da ya bar ayyuka wajen 1,500 kan 'yan rawa, ashe mustahili ne guda ta sulale ta faɗo hannun talaka? Masana sun sha gaya masa tsintacciyar mage ba ta mage, shi kuwa ya ɗauki wannan hassada ce, ya ƙara sayen firam.

Akwai kuma wanda bege ya kama, bai damu da wanda ya yi zanen ba, wadda aka zana ita ce matsalarsa. Galibi Isadora Duncan ce, Ba'amurkiyar da ke rawa ba takalmi, wadda ta rasu a Nice a 1927 sa'ad da gyalenta ya sarƙe a ƙafar mota. Tun da yake Abraham Walkowitz shi kaɗai ya zana ta sau dubbai, Allah ya haɗa wa masoyin nan rahama da azaba wuri guda: ba ya rasa abin saye, ba ya kuma gamawa har abada.

Tajiri ba ya bukatar dogon sharhi. Ya saya ta waya, ya kulle a ma'ajiyar Janeba, yana jiran farashi ya hau.

Mai waswasi ya fi shi wahala, domin ya ji cewa haske na kashe launi, allin launi kuma gari ne da ke iya kakkaɓewa, saboda haka ya rufe tagoginsa da labule biyu, ya tanadi safar hannu, kuma in ya yi maka alfarmar gani, sai ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da kada ka yi atishawa, kada ka ja dogon numfashi, kada ka nuna da yatsa.

A can baya, kusa da ƙofa, ba a rasa wata dattijuwa mai miƙaƙƙen wuya, wadda ta yi rawar bale a ƙuruciyarta, ba ta taɓa ɗaga hannu ta taya komai ba, amma dillalai sun fi shakkarta a kan kowa. Sai ta bari an kusa buga guduma, sa'an nan ta ce da ta kusa da ita, da muryar da kowa zai ji, wai duk wadda ta ɗora nauyinta a kan ƙafa yadda aka zana ɗin nan, to, a asibiti za ta kwana.