Zuwa ga Taurari Biyar na Ƙasan Hoto



Bayan gaisuwa irin ta wanda aka cuta amma bai yar da ladabi ba, ina fata kuna nan yadda na bar ku, a jere, rawaya shar, ƙarƙashin hoton kowane kaya a intanet, tun daga wayar hannu har tukunyar shinkafa mai aiki da wuta. Na bincika, ba ku haɗa dangi da Gamzaki ba, ba ku haɗa da Zara matar wata ba, balle Kaza da 'ya'yanta da manoma ke ɗaga kai su duba. Waɗancan ba a taɓa kama su da ƙarya ba. Ku kuwa ina da shaida a kanku, tana nan ƙulle a leda.

Dalilin wannan takarda shi ne fawa bank. Cikin bazarar da ta wuce, lokacin da wuta ke leƙowa ta gaishe mu ta koma, na shiga wani shagon intanet neman abin da zai riƙe mini waya. Ga kaya birjik har ruwan ido ya kama ni. Sai na hango ku a ƙarƙashin wani baƙi mai ƙyalli, huɗu a cike, na biyar saura ƙiris. Masu yabo kuwa layi guda. Wannan ya ce ya yi masa kwana uku, wancan ya ce har fanka yake juya masa. Na biya. Ranar da ɗan aike ya kawo, na ɗora shi a tafin hannu na ji nauyi kamar rabin bulo, na miƙa wa uwargida na ce, ji nan, wannan shi ake kira kaya.

Ya ɗauki wayata daga kashi 12 ya kai ta 31, ya ce ga garinku nan.

Na kai shi kasuwar waya ta Farm Centre wurin wani yaro mai gyara. Ya sa sukudireba ya ɓanɓare murfin, ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa, sannan ya kira maƙwabcin teburinsa ya zo ya gani. Batir ɗaya ne tak a ciki, ɗan siriri kamar yatsa. Kusa da shi an kwantar da ƙulli biyu na yashi, an naɗe su da salatif, tsaf-tsaf, aikin mai haƙuri. Yaron ya ce, "Alhaji, ai ba caji ka saya ba, fuloti ka fara tarawa." Har yau in na bi ta layin sai wani ya tambaye ni yaushe za a fara gini.

Ban yi fushi da mai shagon ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ku kuka rataye ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, ku 'ya'yan gidan mutunci ne. A 1900 wasu 'yan'uwa biyu masu kamfanin tayar Michelin a Faransa suka fara raba wa direbobi ɗan littafi kyauta, mai nuna inda za a ci abinci da inda za a kwana. Dabarar a fili take: a yi ta yawo, taya ta cinye, a dawo a sayi sabuwa. A 1926 suka fara liƙa wa gidan abinci tauraro ɗaya, a 1931 aka kai uku. Amma kakanninku na wancan gidan da gumi ake samun su. Mai dubawa zai shiga ba wanda ya san shi, ya ci, ya biya kuɗinsa, ya fita. Har gobe uku ne iyakarsu. Ku da kuka zama biyar, sai kuka koma maroƙa, wanda ya ba da kuɗi shi ne ɗan sarki jikan sarki.

Kada ku ce sharri nake muku. A 2015 Amazon ta maka mutum sama da 1,000 a kotu saboda sayar da yabon ƙarya, wasu a kan dala 5 kacal. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, wanda da bakinsa ya ce ya taɓa rubuta irin wannan yabo a kan fam 10, ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor a matsayin gidan abinci. Hotunan girkin da kumfar aski da ƙwayar wanke banɗaki aka haɗa su. Abokansa suka yi ta zuba yabo. Kafin shekara ta ƙare rumfar ta zama ta ɗaya a duk gidajen abincin Landan, ba ta taɓa ɗora tukunya ba. Na san za ku ce a can ƙwallaye biyar ake amfani da su, ba taurari ba. Ba cinya ba, ƙafar baya. Ko a 2024 sai da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a kan saye da sayar da yabon bogi, ku kuwa ko gezau.

Wasu gidajen tuni suka sallame ku. YouTube ta lura kusan kowa biyar yake dannawa, 'yan tsiraru su danna ɗaya, na tsakiya suna zaune ba aiki, sai ta kore ku a 2010 ta ɗauki babban yatsa. Netflix ta bi sahu a 2017. A harkar fim ma abin ya fi muni, don mutum kan jefi fim da tauraro ɗaya tun bai fito ba, kawai saboda ba ya ƙaunar jarumar.

To amma tsakani da Allah, in za a yi shari'a, mu ma sai an tsare mu. Mu mutanen kara ne. Direban da aka kira ta waya ya ɓata da kai sau biyu, motarsa ba iska sai ƙaurin fetur, amma da ka sauka ya waiwayo ya ce, "Yallaɓai, a taimaka da biyar," ina za ka sa fuskarka? Mutum da iyali. Sai ka danna biyar ka bar wa na bayanka ya ji a jikinsa. A kasuwa mai kilishi yakan yago maka ɗanɗano, mai atamfa ya bar ka ka murza bakin zanen ka ji ko sitati ne ya riƙe shi. In ya cuce ka, ka san rumfarsa, ka san limamin unguwarsu. A wurinku ba ɗanɗano, ba murzawa, sai shaidar wani da ban san ko mutum ne ko inji ba.

Saura in faɗa muku yadda muka ƙare. Na koma shagon na ba da tauraro ɗaya, na rubuta labarin yashi tiryan-tiryan, har da hoto. Washegari wata mai zaƙin murya ta kira ni. Ta ba ni haƙuri, ta tambayi iyali, ta ce kuskuren ma'aikata ne. Sannan ta ce in na gyara abin da na rubuta za a turo mini katin waya na naira 2,000. Na ce mata ni ba irin waɗannan ba ne. Ta ce 3,000.

Saboda haka in kun ga wani bawan Allah daga Kano ya cika ku biyar cif a ƙarƙashin baƙin fawa bank ɗin nan, ya rubuta "kaya mai nauyi, ba a magana", ku sani ban yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Ƙulli ɗaya na yashin kuma uwargida ta juye shi a tukunyar na'a-na'a, ta ce mai kyau ne.

Naku,
Mai fuloti a leda