Zuwa ga tobashina mai tsufar da riga

Tobashi, ashe da gaske ne? An ce sabuwar sana'a ka buɗe a Madarumfa: ka saro fararen tishat daga Kantin Kwari, ka shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, ka buga musu hoton tafki a ƙirji, sannan ka zauna ka lalata su da hannunka. Wai samarin Maraɗi sun fi son riga ta yi kama da wadda aka gada.

Bugun kam ba laifi, na yaba. Ka ɗaure raga a firam, ka zuba fenti, ka ja da roba sau ɗaya, ga kwalekwale ya fito raɗau har da masunci a ciki. Daga nan hankali ke barinka. Ka jiƙa rigar a ruwan gishiri don ta yi laushi. Ka tsoma ta a ruwan ganyen shayi don farin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa 'yan fada suka daina samun na uku. Ka bi wuya da bakin hannu da sanfefa, ka kankare rubutun har "Madarumfa" ta rasa harafi biyu. Ka yayyafa jabel, kuma ba ka ɗauraye shi da kyau, alhali jabel ba ya daina cin auduga don ka gaji. Wanki biyu, ramin da ka yi na ado ya isa akuya ta sa kai.

Tsattsagewar fentin nan ma da kake taƙama da ita, kada ka ce gwaninta ce. Fentin roba zafi yake so wajen digiri 160 kafin ya kama zare, kai kuwa da dutsen guga na gawayi kake gasa shi, kana hira.

Ba kai ka fara ba, na sani. Masana'antun wandon jins sun daɗe suna wanke shi da duwatsu, suna fesa masa yashi, har ƙurar ta riƙa kashe huhun ma'aikata. Turkiyya ta hana fesa yashin a 2009, kamfanin Levi's ya daina a 2010. Su dai rana ce ba su da irin tamu. Kai mene ne uzurinka? Leƙa bakin tafki da hantsi ka ga masuncin da har yau yake sanye da rigar kamfen ɗin zaɓen 2020. Fuskar ɗan takarar ta koɗe, ko matarsa ba za ta shaida shi ba, kafaɗa ta yi shara-shara, ga zanen gumi a baya wanda sanfefa ba ta iya fitarwa. Ko dala bai kashe ba.

Ga shawara kyauta, tunda kai ke kiran kanka ubangidana. Raba rigunan ga masunta da masu itacen Baban Rafi su sa maka damina ɗaya, ka karɓo, ka kai Maraɗi ka ce daga Amurka suka zo. Ƙarnin kifin ma ka ƙara masa jikka guda.

Watan shara kuma na tafe. Bara ka ɓuya a ɗakin Gwaggo don kada ka ba ni kuɗin shara. Bana tsaba nake so, sabuwa fil, wadda ba ta ga jabel ba.