Iskar Fatakwal a Dam ɗin Goronyo

Ina da taubashi a Rabah, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ya yi mini gorin cewa garinsu ne ya haifi Sardauna, sai in tuna masa cewa Sardaunan tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, shi kuwa Bello a Wurno tamu yake kwance tun 1837. Da ya rasa abin da zai fi ni da shi a tudu, sai ya koma ruwa. Ya tafi Fatakwal neman kuɗi, ya samu aiki wurin masu nutso da ke kankare gindin jiragen ruwa, yana wanke musu kaya yana riƙe musu igiya, har suka koya masa sana'ar. Ya dawo gida da kayan nutso na gwanjo: tukunyar iska, regileta, tabarau, baƙar rigar roba, da takalman nan masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Tun daga nan ba a sake shan shayi a ƙofar gidansu ba tare da an ji labarin ƙarƙashin teku ba.

Ni malamin firamare ne, da rani kuma ina taɓa noman albasa da tafarnuwa a fadama. Ruwan da na sani shi ne wanda ke bin fangali, iyakarsa idon sawu.

Surukina yana zaune a wani ƙauye bakin dam ɗin Goronyo. Farkon rani ya sayi sabon injin ban-ruwa, ya sa a kwale-kwale za a haye da shi wata gonarsa. Iska ta kaɗa, buhun taki ya zame gefe, kwale-kwale ya karkata, inji ya yi sallama. Mutane duk sun fita lafiya. Na je jaje, na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa. Ana cikin "Allah shi mayar da alheri" sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai muna da mai nutso gida, irin na zamani." Tsohon ya ɗago ya dube ni. "Haka, Malam?" Na ce, "Awo, Baba." Magana ta fita a gaban suruki da maƙwabtansa, babu hanyar mayar da ita.

Dam ɗin Goronyo ba kududdufi ba ne. An gama gina shi a 1984 a kan gulbin Rima, bangonsa ya kai mita 21 a tsaye, tsawonsa ya haura kilomita 12. Ruwan famfon Sakkwato da noman ranin kwarin Rima duk shi suke kallo, wanda kuma ya ga ambaliyar 2010 ba ya yi masa wasa. Sai dai inda injin ya faɗa kusa da gaɓa ne, masunta suka ce gaba uku ko huɗu. Da na kai wa taubashi labari, dariya ya yi har da buga cinya. "Gaba huɗu? Bawana, wanga ai alwala ce." Ya naɗa ni mai riƙon igiya, ya ce a Fatakwal muƙamin ba ƙarami ba ne. Daga baya na tuna shi ne muƙamin da ya fara da shi bayan wanki.

A hanya ya yi mini karatun tukunya. A Fatakwal aka cika ta, allurar agogonta tana kan 200, alhali tayar ƙaramar mota biyu da ɗoriya take ɗauka. Injin da ke iya ɗura irin wannan iska, ya tace ta har ta shaƙu, shi dai bai san inda yake ba a kusa. Wato abin da ke goye bayan babur ɗinmu iskar Fatakwal ce tsantsa, in ta ƙare ta ƙare.

Mun kauce wa ranar kasuwa don gudun taro. Da muka isa, ƙauye uku na zaune a bakin ruwa, yara a kan bishiya. Taubashi ya shiga baƙar rigarsa da rana tsaka, zufa na ɗiga daga gemunsa, ya ɗora regileta a bakin tukunya, ya ɗaure, ya yi bisimilla da ƙarfi don jama'a su ji, ya murɗa kan famfo.

Tsssss.

Allura ta fara gangara. Ya yi maza ya rufe, ya kwance, ya sa farce ya zaƙulo wani baƙin zoben roba da ko ƙaramin yatsana bai shiga sosai ba. Ya bushe, ya tsage gefe guda, zafin ɗakin kwano ya gama da shi. Wannan ɗan zoben shi ke zama tsakanin bakin tukunya da regileta ya hana iska tsira. Tun 1943 da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka haɗa na'urar da mutum zai goya iskarsa ya shiga ruwa, an yi ta gyara ta ana ƙara mata tsada, amma har yau in zoben nan ya tsage, kayan duka sun zama na ɗan gwangwan. Shi ya sa, in ji taubashi, ko wane mai nutso na kirki yana da ɗan akwati da ba ya rabuwa da shi, cike da zobba manya da ƙanana, da giris na silikon, da madaurin tabarau da na takalmi, da robar baki, da sifana da alanki, da wuƙa.

Na ce, "To ina naka akwatin?"

Ya dubi ruwa, ya dubi sama. "Shina Rabah."

Mutanen karkara ba sa barin baƙo cikin matsala, wannan kuwa wani lokaci shi ne matsalar. Mai faci ya fara zuwa, ya ce a bar damuwa da iskar da ta fita, shi zai mayar kyauta. Taubashi ya yi masa bayanin cewa injinsa ko goma bai kaiwa, kuma iskarsa gauraye take da mai da hayaƙi, wanda ya shaƙe ta a ƙasan ruwa sai dai a fiddo shi. Mai faci ya ji haushi, ya ce shekara nawa yana ba mutane iska ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Sai bakaniken babura ya matso da gwangwanin madara cike da tarkace, ya tona ya fito da wani zobe na famfon mai. Da ido dai ya yi daidai. Aka sa, aka ɗaure, aka murɗa. Shiru. Jama'a suka fara kabbara. Taubashi ya juyo gare ni ya buɗe baki zai yi gori, sai zoben ya fashe.

A gabashin Sakkwato a shekarun nan, in aka ji ƙara irin wannan ba a tsayawa tambayar ta mece ce. Kafin ƙiftawar ido fili ya zama na takalma. Ni da ke tsaye a hancin kwale-kwale na ja da baya inda babu baya, na zauna cikin ruwa da babbar rigata ta zuwa gidan surukai. Da na miƙe, laka har kunne, hulata na tafiya Sakkwato a kan ruwa, mutum ɗaya ne bai motsa daga tabarmarsa ba. Surukina. Ya ce, "Sannu, Malam." Allura tana kan 140.

Muka hau babur sai Rabah.

Gwaggo na tsakar gida tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa taubashi ya ce, "Inna, ina ɗan akwatin nan nau mai ruwan lemo?"

"Wane? Wanga da nika aje allura?"

Ta jawo shi daga ƙarƙashin gado. Allura, zare, maɓallai, goro biyu, katin rigakafi. Taubashi ya zauna a ƙasa. Ya fara tambayar kayan ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ba da amsa da natsuwar wadda ta yi wa dukiya adalci. Giris? "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan, tun da nika shafa shi faso nau ya rufe." Robar baki tana bakin jaririn gidan, haƙori ke fito masa, kuma tun da aka ba shi ake barci. Madaurin tabarau ya zama danƙon harbin wani jika, an ce har kurciya ya kawo. Sifana tana wurin mai markaɗe. Wuƙa kuwa maƙwabci ya ara da babbar salla, Gwaggo ta ce ba ta iya tambaya, kunya take ji.

"To zobban fa, Inna? 'Yan baƙaƙen robobi?"

Ta ƙwala kira. Wata yarinya 'yar shekara biyar ta shigo da sabon kitso, ko wace jela an ɗaure bakinta da baƙin zobe tsaf. Gaskiya kitson ya yi kyau. Ni aka sa lallashi, da alewa da alƙawarin awara, taubashi na kwancewa hannunsa na rawa. Aikin banza muka yi: zobban sun sha basilin sun kumbura sun yi laushi, don man da aka samo daga fetur yana cin irin wannan robar, dalilin da ya sa na silikon ake shafa musu. Na ce ko za mu kankaro ragowar a dugadugan Gwaggo, ta jefe ni da mafici. A ƙarshe, can lungun akwatin ƙarƙashin curin zare, muka samu guda ɗaya da ya tsira saboda ya yi wa jela yawa. Taubashi ya naɗe shi a takarda, ya sa a aljihun gaba, ya kama da fil. La'asar ta yi, ba mai hankalin da ke hawa hanyar nan da yamma, muka kwana.

Washegari taron ya ninka. Mai shayi ya kafa tebur, mai ƙosai ta hura wuta, ga rake ga gyaɗa. Zobe ya zauna daram, ko ƙus. Taubashi ya ja tabarau zai sa, madauri ya tsinke a hannunsa, na canji kuwa yana Rabah yana farautar kurciya.

Wani tsohon masunci da tun jiya yake kallonmu bai ce uffan ba ya miƙo hannu. Daga ƙugunsa ya kwance wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa, ya zazzage a cinya: zaren taru, allurar ɗinkin koma, ƙugiyoyi a soke jikin ɓawon rake, dalma, wuƙa mai kube, da robar tayar keke da aka yanka siri-siri. Ya zari ɗaya, ya zura, ya ƙulla, ya gwada a kan taubashi, ya ƙara ƙulli. Na tambaye shi ko kullum da jakar yake fita. Ya dube ni duban da nake yi wa ɗalibin da ya zo jarrabawa ba biro. "Ɗana, ruwa shina jiran ka koma gida ka ɗauko?"

Taubashi ya tofa yawu cikin tabarau ya murza, mata suka ce subhanallahi. Dabara ce ta gaske, tana hana gilashi yin hazo, amma ba wanda ya saurari bayanin. Ya bar mini umarni: ja ɗaya lafiya, ja uku a jawo shi, kuma a hankali, don iskar da mutum ya shaƙa a ƙasa kumbura take yi in yana tasowa, wanda aka fizgo da sauri huhunsa na cikin haɗari. Ya jingina da baya ya faɗa.

Abin da bai lissafa ba shi ne ruwan Rima ba na hotunan da yake nuna mana ba ne. Laka ce ta shekaru kwance a ƙasa, da takalminsa ya taɓa ta, ko tafin hannunsa bai ƙara gani ba. Daga sama muna bin kumfa tana yawo, gabas, yamma, ta zagaya kwale-kwale. Can sai ta tsaya wuri ɗaya ta yi ta tafasa. Igiya ta motsa. Na fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, bakwai, goma sha wani abu. Wannan ba ya cikin karatun da aka ba ni. Na tattara ƙarfi zan ja, tsohon masuncin ya riƙe mini hannu.

"Dakata. Ragar kalli ya shiga."

Ya yi wa ɗansa inkiya. Yaron, da gajeren wando kawai, ya ciji wuƙar nan mai kube ya sulale cikin ruwa ba ko fantsama. Na riƙe numfashi tare da shi, na gaza, na sake, na kuma riƙewa. Sai ga su sun taso a hankali, yaro a gaba, a bayansa wani baƙin dunƙule naɗe da raga tun daga wuya har takalmi, ƙurungu huɗu na maƙale a jikinsa suna gurnani. Wani yaro daga kan bishiya ya yi ihu, "An kama giwan ruwa!" Bakin dam ya ɗauka. Taubashi ya tofar da regileta, ya yi haki, ya ce saura ƙiris, ya taɓa injin da hannunsa, ya rantse ya taɓa.

Surukina ya taso daga tabarma. "Malam, ku zaka." Muka bi shi, ni da jiƙaƙƙen taubashi yana tafiya da baya saboda takalmi, har bayan wata rumfa. Ga inji nan kwance a kan buhu, an zubar da mai, an kwance fulogi, bakanike na shanya kayan cikinsa a rana. Tun jiya bayan azahar, muna hanyar Rabah, masunta suka lalubo shi da ƙugiya, yaron nan ya nutsa ya ɗaura igiya, mutum shida suka ja.

Ni dai na durƙusa na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ashe an samu." Taubashi ne bai da kunyar surukin wani. "Baba, to mi yah hana a hwaɗa muna tun da sahe?"

Tsohon ya gyara rawani. "Mai ƙosai ta riga ta jiƙa wake."

Kafin mu tashi mai kalli ya iso da ragarsa a yanke gida uku, da shaidu. Taubashi ya ce a ƙa'idar Fatakwal duk ɓarnar da aka yi a ƙasan ruwa tana wuyan mai riƙon igiya, surukina kuma na zaune yana saurare, ba halin musu. Kuɗin kalli ni na biya. Ƙurungun kuwa taubashi ya tafi da su Rabah, wai a jikinsa aka kama su.