Wa Za a Kira? Ai Ni Ne Maigidan

Shekara 11 na yi ina zaman haya a Tamale, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai mai gidanmu jin daɗin duniya ba. Alhaji dai yana kan buzu a ƙofar gida, carbi a hannu, in hayarka ta ƙare ya aiko yaro. Dokar haya ta Gana, tun ta 1963, ta hana karɓar fiye da kuɗin wata 6 a dunƙule, amma shi da dokar ko gaisawa ba sa yi. Na shekara 2 yake karɓa, cif. Na ce a raina, wallahi ni ma sai na zama maigida na huta.

Da na tara abin da na tara, aka nuna mini fili a Gumani. A ƙasar Dagwamba ba a cewa an sayar da fili, goro ake kai wa sarki. Na tambaya ƙwarya nawa zan sayo, dattijon da ya raka ni ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Goron nan da ba a taunawa shi ya lashe ajiyar shekara 3. Daga nan sai mai awo, sai taswira, sai takardu. Bulo bisa bulo, na kammala ɗaki 4 cikin shekara 5. Ranar da muka tare na sa farar riga, na shimfiɗa buzuna a ƙofar gida. Maƙwabta na wucewa suna cewa "Dasiba, lanlod!" ni kuwa ina amsa "Naa" da muryar masu hali.

Kwana uku aka bar ni na ɗana.

Ruwa ne ya fara yi mini sallama, ko in ce rashinsa. Ruwan Tamale daga Dalun yake tasowa, a gefen kogin Farin Volta, kuma kafin ya iso famfona ya gaji. In ka murɗa kan, sai ya yi tari biyu kamar tsoho, ya yi shiru. Na ce rijiya zan haƙa. Masu haƙa suka kwana 9 suna sara, suka tarar da dutse, suka karɓi kuɗinsu, suka bar mini rami da addu'a. Sai daga baya kowa ke gaya mini ai ƙasar Tamale rowar ruwa gare ta. Na sayi babban tankin roba, na gina masa hasumiya, ashe shi ma tankin ciyar da shi ake yi. Yanzu lambar mai tanka tana sama da ta surukina a wayata.

Ana cikin haka na jingina da ƙyauren ɗakin baƙi ina waya, sai na tsinci kaina a cikin ɗakin ba tare da na buɗe ba. Gara ta cinye katakon ta ciki, ta bar mini fenti a tsaye don mutunci.

Babbar jarrabawa kuwa ta zo ne da hadarin farko, a watan Afrilu, bayan zafin nan da ke narkar da tunani. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso, na ji ƙara kamar an kifar da motar kwanuka. Na buɗe ido, sai ga walƙiya a inda na bar silin. Rabin rufina ya yi hijira zuwa gidan maƙwabci, ya sauka a kan akurkin zabinsa. Na diro daga gado, na lalubo waya, ina huci.

Mai ɗakina tana riƙe da roba a ka ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Na ce, "Maigida mana! Yau sai ya san ni!"

Ta ce, "To ai ga ka nan. Yi masa faɗan, ina tare ruwa."

Da safe kafinta ya zo, ya ɗaga kai, ya tsotsi haƙori, ya ce miliyan 40. Sai da na dafa bango. Tun 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, amma masu sana'ar garin nan har gobe da tsohon lissafi suke kashe mutum. Da na gane sidi 4,000 yake nufi, har godiya na yi masa, kamar kyauta ya ba ni. Sai da ya tafi na tuna ko 400 ba ni da su. Maƙwabci ma ya zo da ladabi, ya jajanta, sannan ya lissafa zabi 6, har da wadda ya ce tana gab da fara ƙwai.

Duk wannan da sauƙi, don gara da iska ba sa cin tuwo. Labari ya kai wa dangi cewa wane ya gina gida har da ɗakin da ba kowa. Ɗan ƙanin babana ya zo daga Yendi yin kwana biyu, yau watansa 8. Wata gwaggo ta zo daga Kumasi ganin likita, ta warke, ta ce iskar Gumani ta karɓe ta. Na manta cewa a zango tun zamanin fataken goro, maigida shi ne wanda baƙo ke sauka wurinsa. Sai dai na da yana samun la'ada, ni kuwa katin mita nake saya sau biyu a mako. Ranar da takardar harajin gida ta iso, na gane tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ran Juma'a na sayi goro, na gaske wannan karon, na tafi wurin Alhaji. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini zagin da na yi maka a zuci."

Ya ja carbi, ya ce, "Rufi ne ko masai?"

Na ce, "Rufi."

Ya ce, "Yaro, saura masai. Don me kake tsammani nake zama a ƙofar gida? In na shiga ciki, sai an nuna mini abin da ya lalace."

Na yi ƙasa da murya na tambaya ko tsohon ɗakina yana nan.

Ya ce, "Yana nan. Shekara 2, cif."